Ƙarfen dalma: ka karanta kafin ka biya



Yau maganata kan wani ɗan ƙaramin kayan aiki take. Ƙarfen dalma ne, wanda ake narka dalma da shi don a haɗa waya da waya. Masu gyara na birni suna ce mishi fer, da faransanci. Tsawonshi bai wuce taƙi ɗaya da ɗan wani abu ba. Amma wanda ya sayi wanda bai dace ba, ya zubar da kuɗinshi, watakila ma ya ƙona rediyon maƙwabcinshi.

Ku duba cikin gidajenmu. Da can rediyo ɗaya ne a unguwa. Tsofaffinmu suna tuna zamanin kulob na rediyo, da anka fara a Nijar cikin 1962, lokacin da ake taruwa a saurari akwati guda. Yanzu kowane gida akwai rediyo, akwai tocila, akwai fitila mai aiki da rana, akwai salula da abin cajinta. Makiyayi ma yana da nashi cikin jaka. Kayan nan suna mutuwa da yawa. In ka buɗe, sau da dama ba wani babban ciwo ba ne. Waya ɗaya ce ta tsinke, ko liƙin wurin pil ya saki. Aikin ɗan lokaci ne. Amma saboda shi mutum zai jira ranar kasuwa, ya biya kuɗin mota, ya bar aikin yini guda. Wani kuma sai ya jefa abin bayan rumbu ya sayi sabo.

Ni manomi ne, gyara ba sana'ata ba ce. In anka gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, sai in zauna zaure in buɗe abin da ya mutu. Sha'awa ce. Ina kuma ƙera ƙananan motoci na gwangwani tare da yaran unguwa, mu sa musu fitilu, wani lokaci har da ɗan inji. Ƙarfunan dalma iri iri sun bi ta hannuna, nawa da na aro. Samari suna yawan tambayata wane za su saya. Amsata ɗaya ce kullum: akwai lamba biyu a jikin ƙarfen ko a kan takardarshi. Ka karanta su kafin ka sa hannu aljihu. Mu da munka yi yaƙi da jahilci, nan ne ɗaya daga wuraren da karatunmu ke biyan mu.

Lamba ta farko tana tare da harafin V. Ana ce mishi bolt. Ita ke gaya maka irin wutar da ƙarfen ke ci. Kuran na Nigelec 220 ne. In ka ga an rubuta 220V, ko 230V, to na kuran ɗin gari ne. In ka ga 12V, na batir ne, irin batirin mota ko na pano. Akwai kuma 110V ko 120V. Wannan na Amurka ne, yakan shigo cikin kayan gwanjo. A ido babu bambanci. Wani maƙwabcina ya sayo irinshi da araha, mai kyau, mai nauyi a hannu. Ya kai shi gidan ƙanenshi a birni ya sa a bango. Kafin a gama gaisuwa ƙarfen ya yi wari ya mutu. Wuta ta ninka mishi, zafi kuwa ya kusa ninka sau huɗu. Harafi ɗaya da lamba uku ne sunka raba shi da kuɗinshi.

Mafi yawan abin da ake shanyawa a kasuwa na 220 ne, don shi ya fi araha. Mai tebur ba zai tambaye ka ko garinku akwai kuran ba. Ba aikinshi ba ne. Kai ne za ka tambayi kanka. Ƙauyuka da yawa waya ba ta iso ba. Ko a birni wuta tana zuwa tana ɗaukewa. Ba mu manta ba, cikin watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take aiko mana, ba ta maido ba sai watan Maris na 2024. Masu gyara da yawa sun yi zaman jiran wuta a lokacin. Waɗanda ke da ƙarfen batir kuwa sun ci gaba da aikinsu.

Shi ya sa ga mutumin ƙauye nake cewa ya fara neman mai 12V. Yana zuwa da ƴan maƙalai biyu, ja da baƙi, da ake dantse kan batir da su. Wani yana zuwa da kai irin na sawa cikin mota. Rana kuwa Allah ya hore mana ita. Tun 1965 anka kafa ofishin binciken ƙarfin rana a Yamai, ONERSOL, wanda Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, ya daɗe yana shugabanta. A lokacin abin na malamai ne. Yau pano yana kan rufin bukka, har kan bayan jaki na gan shi.

Amma batir ba rijiya ba ne, tulu ne. Nan lamba ta biyu ke shigowa, mai harafin W. Ana ce mishi wat. Ita ke nuna ƙarfin zafin, ita kuma ke nuna yawan cin wuta. Ga lissafi mai sauƙi da kowa zai iya yi a ƙasa da tsinke. Ka raba W da V, abin da ya fito shi ne amper ɗin da ƙarfen ke ja. Mai 30W a kan batirin 12V yana jan amper 2 da rabi. Mai 60W yana jan 5. A jikin batir kuma an rubuta abin da ya ɗauka, da haruffan Ah. Ƙaramin batir mai 7Ah, in ka sa mishi ƙarfe mai 30W, bai cika awa 3 ba ya ƙare. Kuma irin batirin nan mai nauyi ba ya son a shanye shi sarai. In ana wuce rabi kullum, da wuri yake tsufa. Ke nan awa ɗaya da ƴan mintoci ne rabonka. Ni da tsakar rana nake aiki, lokacin da pano ke zuba wuta. Kuma sai na shirya kome, na feƙe wayoyi, na goge wurin liƙi, sannan in kunna. In ba haka ba, da dare uwargida za ta kunna fitila ta ga duhu, kuma ta san mai laifi.

Wani zai ce yana da akwatin nan mai maida wutar batir ta koma 220. Gaskiya ne, ƙarfen 220 yana aiki a kanshi. Sai dai akwatin da kanshi yana cin nashi rabo. In kana da shi, ka yi amfani da shi. In ba ka da shi, kada ka saye shi don ƙarfen dalma kawai.

To, wat nawa ya kamata? Nan nake so in tsaya, don nan mutane ke ruɗewa. Sabon shiga yana tsoron zafi. Yana cewa bari in sayi ƙarami, mai 15W, kada in ƙona rediyo. Ni kuwa na ga ƙaramin ƙarfe ya ɓata kaya fiye da babba. Ga dalili. Dalma ba a kan bakin ƙarfen ya kamata ta narke ba. Wayar da wurin da za a liƙa ta su ne za su yi zafi, sannan dalma ta narke a kansu ta bi su kamar mai. In ƙarfen ba shi da ƙarfi, da ya taɓa wayar sai ta tsotse zafinshi, ya huce. Sai mutum ya danna, ya jira, ya ƙara dannawa. Cikin jiran nan zafi ke bin waya a hankali har ya isa inda ba a so. Roba ta narke. Ɗan siririn layin jan ƙarfe da ke kan allon rediyo ya ɓamɓare, don da danƙo aka manna shi. In ya ɓamɓare, aiki ya ƙaru. Mata sun san wannan a murhu: wuta maras ƙarfi ba ta toya ƙosai, mai kawai yake sha.

Liƙi mai kyau ba ya daɗewa. Ka ɗora bakin ƙarfe, ka ƙirga ɗaya, biyu, ka taɓa dalma a wurin, ta malala, ka janye dalma, ka janye ƙarfe. Kada ka motsa wayar sai ta daskare. In ya yi kyau za ka gan shi sumul, ya kwanta. In ya dunƙule kamar kashin akuya, bai kama ba, ko da ya yi kamar ya kama. Irin wannan shi ke sa rediyo ya yi magana sai an mare shi.

Don rediyo, tocila, fitilar rana da wayar caji, mai 30W zuwa 40W ya isa. Don waya mai kauri, irin ta pano da batir, ko don gwangwani, ana son 60W ko fiye. Ƙarfe ɗaya mai araha ba ya yin duka biyu da kyau.

Akwai wani abu da ya canza, wanda tsofaffin masu gyara suke ƙorafi a kanshi. Dalmar da munka saba da ita gami ce, kuza kashi 60, baƙar dalma kashi 40. Za ku ga an rubuta 60/40 a jikin naɗin. Tana narkewa wajen digiri 183 zuwa 190. Amma tun 2006 ƙasashen Turai sunka yi dokar hana baƙar dalma cikin mafi yawan kayan lantarki. Masana'antu da yawa, har na Sin, sun bi dokar don su sayar a can. Sabuwar dalmar sai ta kai wajen digiri 217 take narkewa. Shi ya sa ƙarfen da ke buɗe liƙin tsohon rediyo nan take yakan tsaya yana kallon sabuwar fitila. Dabarar ita ce a ƙara ƴar dalmar 60/40 a kan tsohon liƙin. In sun gauraya sai ya saki.

Ƙarfe mai araha ba shi da linzami. Muddin yana jone, zafi yake ƙarawa har ya kai iyakarshi. In ka bar shi ajiye, bakin ya yi baƙi, dalma ta ƙi kama shi. In kuma kuran ya yi sanyi, shi ma ya yi sanyi. Mai 40W, in wutar gari ta sauko daga 220 zuwa 180, abin da yake bayarwa bai wuce 27W ba. Mai gyara sai ya zargi dalma, alhali wuta ce. Akwai masu linzami, waɗanda ke jin zafin bakinsu da kansu, su ƙara in ya sauka, su rage in ya hau. Ana saita su wajen digiri 320 zuwa 370. Irin su ne daɗin aiki. Amma a kula. Wasu masu araha suna da ɗan abin murɗawa da lambobi a jiki, alhali ba sa jin kome, wutar kawai suke ragewa. Lambobin ado ne.

Cikin ƴan shekarun nan an fito da wasu ƙanana, kamar alƙalami, masu ɗan gilashi da ke nuna zafi. Akwai TS100, akwai Pinecil da ya fito cikin 2020. Suna yin zafi cikin ƙasa da minti ɗaya, suna kuma barci in ka ajiye su, wato ba sa ɓarnar batir. Na riƙe irinsu wurin wani yaronmu da ya dawo daga ci-rani. Abin sha'awa ne. Amma ga abin da ba a faɗa maka. TS100 yana cin wuta daga 12V zuwa 24V. A kan 24V yana ba da 65W. A kan batirinmu na 12V kuwa wajen 17W kawai yake bayarwa. Saboda linzamin da yake da shi yana yin ƙananan ayyuka da hakan, amma waya mai kauri ta fi ƙarfinshi. Ga tsada. Ga shi kuma in bakin ya mutu, ba kowane tebur ke da irinshi ba. Wanda ya mai da gyara sana'a, ya saya. Wanda ke yi don sha'awa irina, ya fara da na talakawa.

Maganar baki ta kawo mu wani wuri. Yawancin ƙarfunan kasuwa suna zuwa da baki mai tsini kamar allura. Ido yana son shi, yana ganin shi ne na aikin ƙwarai. Amma tsini ɗan wuri kaɗan yake taɓawa, zafi ba ya wucewa da sauri. Na fi son mai faɗi kaɗan, kamar bakin turnabis, milimeta 2 ko 3. Kafin ka saya ka duba ko ana kwance bakin, ka tambaya ko akwai na canji a wurin. Cikin bakin jan ƙarfe ne, don shi ke ɗaukar zafi da sauri. Amma narkakkiyar dalma tana cin jan ƙarfe, shi ya sa ake lulluɓe mai kyau da ɗan siririn baƙin ƙarfe. Kada a goge irin wannan da magagari ko da dutse. In lulluɓin ya tafi, rami ne zai biyo. Tsumman auduga mai ɗan laima ya isa sharewa. Ranar farko, da ya fara zafi, ka shafe bakin da dalma har ya yi fari. Duk lokacin da za ka kashe kuma ka bar ɗigo a kai.

Yanzu bari in yabi tsoho. Ƙarfen lantarki baƙo ne. Wani Bajamushe, Ernst Sachs, shi ya yi rajistar nashi cikin 1921, kamfaninshi ERSA yana nan har yau. Kafin zuwan ƙarfen lantarki da wuta ake yi. Dunƙulen jan ƙarfe ne kamar kan ƙaramin gatari, da doguwar sanda da ƙota ta itace. A sa cikin garwashi ya ɗau zafi. Da irinshi maƙeranmu ke haɗa fitilar aci-bal-bal da mazurari. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga abin da hannu ke yi da tsohon gwangwani. Da tsohuwar zuma ake magani. Ba ya cin batir, ba ya jiran Nigelec, babu abin da ke mutuwa cikinshi. Nawa maƙerin garinmu ya yi mini. Don motocin gwangwani ban ga na biyunshi ba, saboda gwangwani yana shan zafi, shi kuwa dunƙulen ya tara da yawa. A dai kula kada ya yi ja cikin wuta. In ya yi ja ya wuce, dalmar bakin ta ƙone, sai an sake gogewa. Shi ana goge shi da magagari, don jan ƙarfe ne zalla.

Wasu suna gasa ƙusa su yi liƙi da ita. Tana fid da mutum kunya sau ɗaya. Amma ƙusa ba ta riƙe zafi, dalma kuma ba ta son kama ta. Gara guntun jan ƙarfe mai kauri, a daddale bakin, a soka shi cikin itace.

Ga yadda muke yin kamyonmu. Muna tara gwangwanin tumatir da na madara. Na lemo ba ya yi, don gorar ruwa ce, dalma ba ta kama ta kome zafinka. In kana shakka, ka ciro maganaɗisu daga mataccen lasifika. Gwangwanin da ya manne mishi shi ne namu. A yanka, a shimfiɗa, a kankare fenti inda za a liƙa har ya yi ƙyalli. Jiki da bodi da ƙarfen garwashi muke haɗawa. Ƙafafu daga tsohon silifa. Sai wurin fitilu, nan ƙaramin ƙarfen batir ke karɓar aiki. Muna ciro ƙananan ƙwayaye daga matattun tocila. Suna da gaba da baya, in ka juya su ba sa kamawa. Pil biyu sun isa su haska farare. Kada a ɗora su kai tsaye kan batirin 12V, nan take suke mutuwa. Injin kuwa daga tsohon rediyo mai kaset.

Wani dattijo ya taɓa ce mini wasan yara nake da furfura. Na yi dariya. Mu ma da karan dawa munka fara motocinmu. Yaron da ya gane abin da ya hana fitilar kamyonshi kamawa, gobe shi zai gane abin da ya hana fitilar uwarshi. Biyu cikin waɗanda munka yi wasan nan da su, yanzu su ake kai ma tocila ranar kasuwa. Rani biyu ke nan ba su tafi ko'ina ba.

Akwai mai aiki da gas irin na kyastu. Yana da amfani ga mai hawa rufi ya haɗa wayar pano, amma gas ɗin saye ne, kuma yana busa zafi ta gefe da ke narka abin da ke kusa. Akwai kuma mai kamar bindiga, mai 100W ko fiye. Na manyan wayoyi ne. A nisanta shi da cikin rediyo.

Ƙarfe mai kyau da muguwar dalma, aikin banza ne. Dalmar lantarki siririya ce kamar igiyar ɗinki, milimeta 1 ko ƙasa. Cikinta akwai ƙaro na wani itace. Shi ke wanke dattin ƙarfe don dalma ta kama, shi ne kuma hayaƙin da ke tashi. Akwai ta jabu, wadda kuzarta ta yi kaɗan. Ba ta malala, sai ta yi kamar tuwo, ta bushe da toka toka. Araha ba ta ado. Ka sayi kamu ɗaya ka gwada kafin ka sayi naɗi. Masu haɗa gwangwani suna shafa ruwan asid kafin liƙi. A kan gwangwani yana aiki, in an wanke bayan nan. A cikin rediyo kuwa guba ne. Ranar farko zai yi magana, bayan makwanni wayoyin su yi kore su rube.

Ga maganar da ta fi duk sauran nauyi. Baƙar dalma dafi ce, musamman ga ƙananan yara da mata masu ciki. Ba ta nuna kanta nan da nan. A hankali take taruwa cikin jiki, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Cikin 2010, a ƙauyukan jihar Zamfara, maƙwabtanmu na kudu, yara fiye da 400 sunka rasu. Dutsen zinariya ne ake daka cikin gidaje, ƙurarshi cike da dalma. Namu aikin bai kai wannan ba, amma dafin ɗaya ne. Ta hannu yake shiga baki. Na sha ganin mai gyara ya riƙe dalma da haƙori don hannuwanshi sun cika. Kada a yi. Kada a ci goro ana aiki. A wanke hannu da sabulu kafin a sa cikin akushi. A share ƴan guntayen da sunka zuba, kada mai rarrafe ya tsinta. Yaran da nake aiki da su, wanke hannu shi ne kuɗin shiga da na fita. Hayaƙin ƙaron kuma yana tsokanar ƙirji, a zauna inda iska ke wucewa, a kau da fuska.

Ƴan uwa makiyaya, wannan naku ne. In kwanon nono ya huje, ko butar shayi, ko bokitin ruwan sha, kada a liƙe da dalmar 60/40. Nono mai tsami yana lasar ta kaɗan kaɗan, kuma yara ne ke sha. Na sha mayar da mutane da kwanonsu, wasu sun ji haushi.

Abu biyu nake ƙi taɓawa. Na farko cikin salula. Kayan cikinta sun fi ƙwayar gero ƙanƙanta, da iska mai zafi da madubin ƙara gani ake aikinsu. A kai wa masu shi a Maradi ko Damagaram ko Tawa. Na biyu batirin litiyom, irin na salula da na sababbin fitilu. Ba ya son zafi. In anka daɗe da ƙarfe a kanshi yakan kumbura, yakan kama wuta, wutar kuma mai wuyar kashewa ce. Cikin bukkar kara wannan ba wasa ba ne. In dole ne, a liƙa a kan ɗan harshen ƙarfen da ke manne da shi, da sauri. Kuma kowane irin kaya ne, a cire pil ko a zare shi daga wuta kafin a sa ƙarfe.

In ka je kasuwa, kada ka ji kunyar mai tebur. Ka ce ya jona maka. Mai araha yana ɗaukar minti 3 zuwa 5 kafin ya narka dalma. Ka riƙe ƙotar ka ji ko tana zafi. Ka girgiza, in wani abu na motsi ciki ka ajiye. Ka ja igiyar kaɗan a inda ta shiga ƙota, nan suke fara tsinkewa. Na 220 mai araha wani lokaci yana yoyon wuta zuwa baki, saboda haka kada a yi aiki da shi ba takalmi a kan ƙasa mai laima. Wurin ajiye shi ba sai an saya ba. Waya mai kauri da anka lanƙwasa kan guntun katako ta isa, don tabarma ba ta yi wa ƙarfe mai zafi gardama.

Bana ɗan ƙanena zai sauka Maradi da buhun wake bayan kaka. Yana son nashi ƙarfen. Na ce ya kawo takarda ya rubuta da hannunshi, ya nuna wa mai tebur: 12V, 40W, baki mai faɗi, baki ɗaya na canji, dalma 60/40 kamu biyu. Na garwashi kuwa mun riga mun kai wa maƙeri jan ƙarfen.